Ranar da Aka Ce wa Kaka Babu Iska a Sama

Akwai wani sauti da tukunyar oksijin take yi idan aka murɗa kanta, wani siririn huci kamar an ɗiga ruwa a kan garwashi. Ni nas ce, kullum sai na ji shi, kuma da a ce kunne yana sabawa da komai, da tuni nawa ya saba. Bai saba ba. Duk sanda na murɗa wa mara lafiya, sai in tsinci kaina a kan wani buhun siminti a shagon maƙwabcinmu a Angwan Iya, ina 'yar firamare, baki sake, ina kallon wani mutum yana reto a cikin duhu da igiya ɗaure a ƙugunsa. Kada ka tambaye ni sunan fim ɗin. Ko a lokacin ma kwalin da ya zo a ciki ba nasa ba ne. A gidanmu har yau fim ɗin Kaka muke ce masa, ita da ba ta taɓa kallon wani ba kafinsa, ba ta kuma ƙara kallon wani ba bayansa.

Sai na fara gaya maka aikin Babanmu, in ba haka ba ba za ka gane komai ba. Haƙar rijiya yake yi. A shekarun nan da ba a daɗe da ba mu jiharmu ba, Abuja tana ta kumbura tana tunkuɗo mutane waje. Duk wanda haya ta koro daga can sai ya sayi fili a Mararaba ko Masaka ya tayar da 'yan ɗakuna, kuma ba mai tayar da ɗaki bai nemi ruwa ba. Da rani Baba ba ya zama. Ranar Litinin zai saɓa diga, ya naɗe igiyarsa a kafaɗa, ya nufi tasha, sai Asabar mu gan shi jajawur da laka har cikin kunne, da burodin Nyanya a leda. Kaka, wato mahaifiyarsa, ita ce mai duba masa igiya. Takan zauna gindin mangwaron tsakar gida ta bi ta da yatsu tun daga wannan bakin har wancan. In ta ji inda ta fara cinyewa, sai ta kira shi da harshen Eggon ta wanke shi tas, shi kuwa ƙaton mutum ya sunkuyar da kai kamar ni in na fasa kwano.

Masu haƙa suna da ƙa'ida. Kafin mutum ya shiga rami mai zurfi, sai a kunna aci-balbal a sa a bokiti a zura ƙasa. In harshen wutar ya tsaya, a shiga. In ya yi ƙasa ya mutu, ba mai shiga ko waye ya aiko, don ramin da ya kashe fitila zai kashe mutum. Baba bai taɓa tsallake wannan ba, kuma ranar da ajalinsa ya zo ma ya yi. Abin da ya faru shi ne, da ya fito cin abincin rana, mai filin ya sa aka zura injin jan ruwa cikin ramin don aiki ya yi sauri. Injin ya yi ta zubar da hayaƙi a can ƙasa, aka fito da shi, Baba ya wanke hannu ya koma. Da na bakin rijiya suka ji shiru, suka kira ba amsa, sai suka ja igiya. Ta taho sakayau. Ya kwance ta daga ƙugunsa don ya ji daɗin sara.

Aka kawo mana shi ba ko ƙwarzane a jiki. Wannan ne ya ruɗa 'yan gaisuwa, har wasu suka fara ƙus-ƙus a zaure wai iskokin rijiya ne suka shaƙe shi. Kaka ta ji. Hausarta ta kasuwa ce, ta koye ta da girma, in ta yi zafi sai ta haɗa da yarenta, amma ranar kowace kalma ta fito daidai. Ta ce, “Ba iskoki ba ne. Rashin iska ne.” Ba wanda ya ƙara tofawa.

Ba ta yi kuka ba, ko a coci ko a makabarta. Fasto ya ce ɗanta ya tafi sama, ya huta, ita kuwa ta kama wannan kalma ta ƙulle a bakin zani. Ta yi lissafinta ita kaɗai: ƙasa ta hana yaron iska, sai Allah ya ɗauke shi ya kai shi inda iskar take fitowa. Ka san zafin Keffi gab da damina, lokacin da mangwaro yake faɗowa da kansa, ƙudaje suna bin yara, kwanon rufi yana ƙara kamar zai tsage. Can da la'asar sai hadari ya haɗo daga bayan dutse, wata iska mai sanyi ta riga shi shigowa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kaka za ta ɗaga fuska, ta lumshe ido, ta zunguro ni da gwiwar hannu, don sunanta aka sa mini.

“Takwara, kin ji? Ga ta nan daga wurinsa. Ta yi musu yawa a can, shi ne yake aiko mana.”

Da wannan take cin tuwo, da shi take barci. Mama ma, da take kuka a madafa tana ce mana hayaƙi ne, in ta ji Kaka ta faɗi haka sai ta ɗan yi murmushi.

Mai shagon da ke jikin gidanmu Ibo ne, ya zo daga kudu tun ba a haife ni ba. Ƙusa yake sayarwa da siminti da bokiti da igiya, kuma a wurinsa Baba yake sayen tasa. Aminai ne, irin waɗanda suke cin doya a kwano ɗaya suna gardama. Hausarsa kuwa, Allah ya kyauta! Mace da namiji duk “ka” ne a bakinsa. Shi ya fara sayen na'urar kallon faifai a layinmu, da ɗan janareta mai ƙara kamar babur. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci sai ya tura ƙyaure ɗaya, yara mu jeru a kan buhuna, manya a benci. Wata Lahadi ya shigo har tsakar gida ya durƙusa gaban Kaka, ya ce ya sayo wani sabon fim a Mararaba, ta zo ta kalla ko zuciyarta ta ɗan sarara. Da kyakkyawar niyya ya yi, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Ta zo da zanin cocinta, aka ba ta kujerar roba a gaba.

Ni dai a lokacin, in ka ce mini sama, shuɗin nan nake gani, kamar rufin wani babban ɗaki da aka shafe da bula. Sai ga akwatin talabijin ya yi baƙi ƙirin, har na zaci wuta ce ta lalace. A'a, wurin ne haka. Babu ƙasa, babu bango, babu gabas balle yamma. Wani dogon jirgi yana tafe a ciki da mutane masu aikin gyara, kwatsam wata tsakuwa da ba ta kai ƙwallon goruba ba ta huda shi, ya rabe biyu. Kai! Abin da ya tayar mini da tsikar jiki shi ne ba a ji ƙara ba. Ƙarfe yana yayyagewa, mutane suna wuntsilawa cikin duhu, amma tsit kake ji. Mu da muka saba da fim ɗin da ake naushi ɗaya gari ya amsa, sai muka kalli juna. Mutum biyu suka rage, wata mata mai tuƙi da wani makanike. Tukwanen iskarsu suna wancan rabin jirgin da yake ta nisa. Dole ɗaya ya fita ya ɗauko. Makaniken ya sa wata farar riga mai kumburi, ya kifa wani abu kamar tulu a kai, matar ta ɗaura masa igiya a ƙugu.

Babu dodo a fim ɗin nan, babu bindiga, babu ko mugu ɗaya da za ka tsana. Numfashin mutumin kawai kake ji a cikin tulun, yana shiga yana fita, da wata 'yar allura a hannun rigarsa tana gangarawa wajen ja. Ban san lokacin da na fara numfashi tare da shi ba. Da na waiga, duk shagon haka ake yi, har wani ƙaton direba da ya leƙo sayen ƙusa ya manta abin da ya kawo shi.

Tun da aka ɗaura igiyar nan Kaka ta matso bakin kujera. Can ta ce, “Wai ina ne nan?”

Mai shago ya ce, “Sama ne, Mama.”

“Sama?”

Wani malamin makaranta da yake haya a gidanmu ya ga ga wurin nuna ilimi. Ya ce, “Su ne 'yan sama jannati, Kaka. Haka rediyo yake kiransu.”

Ta maimaita a hankali, sama, jannati. Sannan ta nuna da baki. “To me ya sa ya kifa tulu a kai?”

“Mama, a sama babu iska,” in ji mai shago, idonsa a kan akwati. “Ko kaɗan babu. In ka cire wannan hula, ka mutu.”

Ni ce kusa da ita, ni na ga fuskarta. Bakinta ya buɗe bai rufu ba. Hannunta ya sauka a kan cinyata ya damƙe, har sai da farcenta ya bar mini shaida. Ba ta ce Yesu ba, ba ta ce wayyo ba. Kallon duhun nan kawai take yi, idonta yana yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma sai da na girma na gane ɗanta take nema. A cikin akwati makaniken ya kai ƙarshen igiya, ta miƙe ɗam, tukwanen iskar suna gabansa amma hannunsa bai kai ba. Allurar ta shiga ja. Numfashinsa ya koma gajere. Sai hoton ya ɗauke.

Fina-finan lokacin faifai biyu ne, in ɗaya ya ƙare a sa ɗayan. Mai shago ya zaro na biyu ya sa, sai ga wasu mutane sanye da jajayen kaya suna rawa a kan dutse ana kaɗa musu ganga. An haɗa masa da na wani fim daban. Yara suka fashe da dariya, direban ya ja tsaki. Kaka ta miƙe, ta gyara zani, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. A wurinta labarin ya ƙare ke nan, da mutum rataye a sama yana neman numfashi.

Da yamma aka kai mata tuwon dawa da miyar riɗi, wadda take so, ta ture kwanon. Washegari ta ture kunu. Mama ta durƙusa tana roƙo, Kaka ta ce, “Da wane baki zan ci? An fito da shi daga wannan rami an jefa shi a wanda ya fi shi. Can ma babu. Ko'ina babu.” Ta daina zama gindin mangwaro. Ranar da hadari ya haɗo iskar nan tata ta shigo, na ruga na ce Kaka ga ta nan, sai ta ce in rufe mata taga. Ta ce ashe ba daga wurinsa take zuwa ba, ita ce dai tsohuwar banza mai yaudarar kanta. Abin da ya fi firgita ni, wata rana da hantsi na shiga ɗakinta na same ta zaune a bakin gado, ta toshe hanci da baki da tafin hannu, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, idonta ya yi jawur. Na ƙwalla ƙara. Ta saki, ta yi ta haki, sannan ta ce mini so take ta ji abin da yake ji.

Aka kira Fasto daga Tudun Ƙofa. Ya zo da lema da haƙuri, ya zauna ya yi mata bayani cewa sama iri biyu ce, akwai wadda jirage suke zuwa, akwai ta Ubangiji, kuma ba hanyarsu ɗaya ba. Ta saurare shi har ya gama, don ba ta katse babba ko da ta haife shi. Sannan ta ce, “Fasto, da ka ce ya tafi sama, ina ka nuna da yatsa?” Kowa kuwa ya ga inda ya nuna. Ta ce, “Kai ka taɓa zuwa? Su sun je, sun ɗauko hoto.”

Hajiyar da ke gidan bayanmu, ƙawar Kaka ta shekaru, wadda suke musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti, ita ma ta shigo da tata dabarar. Ta ce ai laifin kalmar ne, ku kuke cewa sama, mu aljanna muke cewa, kuma aljanna daban take, da inuwa da ƙoramu. Kaka ta ɗago ta dube ta. “To ba ga shi ba. Sama jannati. Har da taku a ciki.” Hajiya ta riƙe haɓa ta ce tabɗi. Malamin makarantar nan kuwa, tun daga ranar ta bayan gida yake zagayawa ya shiga ɗakinsa.

Ka iya yin dariya, mu ma yanzu muna yi. A lokacin ba abin dariya ba ne. Tsohuwa tana zubewa a gabanmu, zaninta yana zagaye ta sau biyu, in ta tashi sai ta dafa bango. Mama, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa namiji murya ba, ta tsaya ƙofar shago ta ce wa mai shago, “Rijiya ta ɗauke mini miji, kai kuma za ka ƙarasa mini uwarsa da akwatinka?” Ya sa kwaɗo a shagon da ko ranar Lahadi ba ya rufewa, ya hau motar Abuja.

Ka tuna bai san sunan fim ɗin ba. Haka ya riƙa bin masu sayar da faifai a Mararaba da Nyanya, rumfa rumfa, yana kwatanta musu da baki da hannu, wai wanda ake ɗaura wa mutum igiya a sama. Ya dawo da wani, aka gwada a shago a ɓoye, sai ga wasu halittu koraye suna harbi da wuta. Ya koma. Ya dawo da wani, ba shi ba ne. Matarsa tana mita ciniki yana wucewa, ko a jikinsa. Ranar da ya samo, tun daga bakin layi muka ji muryarsa, rigarsa sharkaf da gumi, yana ɗaga faifan sama yana cewa, “Mama, na samu! Ka fito ka gani!”

Kaka ta ce ba za ta fito ba. Ta ce ta ga abin da ya ishe ta. Sai ya kinkimo talabijin ɗin da kansa ya ajiye a kan turmi gindin mangwaro, daidai saitin ƙofarta, ya jawo waya ta kan katanga, ya kunna. Da numfashin nan ya fara fitowa daga akwati, Kaka ta ce in kama ta. Na kamo ta muka fito. Duk gidan ya taru, har Hajiya da jikokinta.

Ga abin da ya faru a faifai na biyu, kuma saboda shi nake girmama duk wanda ya ƙirƙiri fim ɗin nan, ko waye shi, ko yana raye ko ya mutu. Makaniken ya kai hannu ƙugu zai kwance igiyar don ya ƙarasa. Kaka ta daka tsawa da yarenta, irin wadda take yi wa Baba, har kaji suka watse. Matar da ke cikin jirgi ita ma ta hana shi. Ta sa tata rigar, ta kwance igiyar daga jikin ƙofa, ta naɗe ta a hannun dama, ta kama bakin ƙofa da hagu, ta miƙe a tsakani. Ta mai da jikinta ragowar igiyar. Hannunsa ya kai. Daga nan sai ja, ita kaɗai, yatsunta suna zamewa daga ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar da ba ta iya tashi sai da bango, sai ga ta tsaye.

“Riƙe! 'Yar nan, kar ki saki! Ja shi! Ja!”

Hannuwanta suna jan wata igiya da babu ita. Mama ta toshe baki da gefen zani. Da makaniken ya faɗo cikin jirgi aka murɗa kan tukunya, hucin nan ya fito, gidanmu ya kaure da ihu kamar an ci ƙwallo. Daga baya suka gangaro duniya cikin wani ɗan ƙoƙo mai cin wuta, suka faɗa wani fili mai ciyawa. Mutumin ya rarrafo waje, ya cire tulun daga kansa, ya kwanta rigingine yana shaƙa, iska tana kaɗa ciyawa a gefen kunnensa. Aka daɗe ana nuna wannan, ba magana.

Fim ya ƙare, kowa yana murna, sai muryar Kaka ta ratso, ƙasa-ƙasa.

“Ashe ana dawowa?”

Ba wanda ya yi tunanin nan a cikinmu, ko Fasto da yana nan ba zai yi ba. Ta juya ga mai shago, idonta yana wani ƙyalli da ban taɓa gani ba.

“Ɗana, igiyar nan tasu, kana da irinta a shago?”

Wayyo Allah. Mutumin nan da ya sayar wa Baba igiyarsa ta ƙarshe, sai ya zube a kan gwiwa ya kifa kai a ƙafarta yana kuka kamar yaro. Mama ce ta yi ƙarfin hali. Ta matso ta riƙe hannun Kaka ta ce, “Mama, inda ya tafi ba a dawowa.”

Kaka ta daɗe tana kallon akwatin da ya koma shuɗi. Sannan ta gyaɗa kai.

“To ba can yake ba ke nan. Waɗannan sun je sun dawo, tasu kusa take. Tasa tana gaba.” Ta ja numfashi. “Na sani. Tambaya kawai na yi.”

A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo shi. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta yi shi da yarenta, da ƙarfi, tana kiran sunan da ta sa masa tun yana goye. Hajiya ta ce kowa ya ƙyale ta. Da ta gama ta fyace hanci da bakin zani, ta dube ni ta ce, “Takwara, wai a gidan nan ba a dama kunu ne?”

Ta ƙara shekaru masu yawa bayan wannan. Ta koma gindin mangwaronta. In iskar hadari ta shigo takan zungure ni kamar da, sai dai ta ƙara wani abu, wai daga nesa take zuwa, sai ta ratso ta wurin marasa iskar nan kafin ta iso, shi ya sa ba ta daɗewa. Ina makarantar jinya ta fara ciwon ƙirji. Ciwonta na ƙarshe a asibiti ta yi shi, ni a gefenta da farar riga. Da aka gungaro tukunyar oksijin aka murɗa, ta ji hucin, sai ta buɗe ido ta yi 'yar dariya a cikin robar da aka sa mata a fuska. Ta ce yau ita ma ta zama 'yar sama jannati. Ta sha ta kwanaki ba gardama. Wata safiya bayan likita ya gama zagaye, ya ja Mama gefe ya gaya mata abin da duk muka riga muka sani, Kaka ta yafito ni. Ta kai hannu ta ture robar. Na mayar, ta sake turewa.

“Bar ta, Takwara. Ba wa wancan yaron na gadon can. Inda za ni akwai.”

Na taɓa cin karo da fim ɗin sau ɗaya bayan na girma, a talabijin ɗin ɗakin jira a wurin aikina. Na tsaya da tiren allura a hannu. Jirgin da ya tsorata ni ashe kamar na kwali yake, rigunan ma ana ganin ɗinkinsu. Amma da numfashin nan ya fara, sai da na nemi wurin zama. 'Ya'yana yanzu a waya suke kallon waɗanda suka fi shi kyau nesa ba kusa ba, suna cin gyaɗa, ko gezau. Sun san babu iska a can tun suna aji ɗaya, bai taɓa hana su cin tuwo ba. Angwan Iya ta cika da ma'aikatan Abuja masu fita da asuba, an sare mangwaron an yi ɗakunan haya a wurin, mai shago ya tsufa ya koma garinsu, ɗansa yana sayar da kayan waya a shagon. Rijiya kuwa mota ce take zuwa ta huda ƙasa da inji, ba mai shiga rami, ba mai zura fitila. Wannan canjin dai ba na kuka da shi.

Ni ce dai har yanzu, in hadari ya haɗo ina bakin aiki, nakan bar abin da nake yi in buɗe tagar ɗakin marasa lafiya. Abokan aikina suna tsiya wai ina shigo musu da ƙura. Ban taɓa gaya musu ba. Mutum biyu ne yanzu suke aiko mini da iskar.